Gyaran da Ke Zuwa Duk Alhamis

Abubuwa da yawa sun same ni a zamanin ɗalibta waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma wannan, ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zai fita daga kaina. Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammacin wata Alhamis ya fara. Na san mintin ne domin yana nan a rubuce a tarihin aikin har gobe, kuma na sha komawa ina dubansa. Ina zaune a ɗakinmu a unguwar Ganou a garin Parakou, ruwa ya ɗauke ke nan, Inna tana tsakar gida tana mitar shanyarta da ta jiƙe, sai wayata ta yi ƙara. Na duba, na ga Malam ya aiko da gyara. Murna na yi. Ko kusa ban ji a jikina cewa akwai wani abu ba.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai san wannan sana'a ba. A lokacin ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun kwamfuta. Ni ba mai magana ba ce. A aji ina can baya, ko na san amsa sai in bar ta a bakina. Inda kawai nake sakewa shi ne wani aikin sa kai da na shiga ta intanet. Akwai wata manhaja da masu gina shafukan intanet suke ɗora aikinsu a kanta, kamar magini ya tarar an zuba harsashi an kafa ginshiƙai, nasa kawai ya ja bango ya sa ƙofa. Ba ta da mai ita. Rubutunta a buɗe yake, kowa yana iya karantawa, kowa yana iya kawo gyara. Sai dai ba kowa ke iya shigar da gyaran cikinta ba. 'Yan kaɗan ne aka ba makulli, wato wata doguwar lambar sirri da ke zaune a cikin kwamfutarka tana shaida cewa kai ne. Doka kuma ita ce mutum ba ya shigar da gyaran kansa, sai wani mai makulli ya karanta ya amince.

Malam malamin lissafi ne da ya yi ritaya a Djougou, wadda manyanmu suke kira Zugu. Shi ke riƙe da ɓangaren da ke kula da abin da mutum ya cika a fom idan layi ya yanke kafin ya gama aikawa. Waɗanda suka fara rubuta manhajar suna ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, don haka ba su taɓa damuwa da wannan ba. Shi ya zo ya gina ɓangaren daga tushe, ya yi shekaru yana raino. A nan ya tsince ni. Shekara biyu yana karanta duk layin da na rubuta, kuma kusan kullum sai ya bar mini tambaya guda da Hausa a ƙarƙashin bayaninsa: “In wuta ta ɗauke a nan fa?” Domin halina ke nan, ina gwada komai a kan cewa lamura za su tafi daidai, sai in manta da lokacin da abu zai tsaya a rabi. Da shawararsa aka ba ni makulli. Amma ban taɓa ganinsa ba, ban taɓa jin muryarsa ba. Abin da ya taɓa haɗa hannuna da nasa shi ne wani tsohon littafi da ya aiko mini ta hannun Kawu, ƙanen Inna, wanda yake tuƙa babbar mota tsakanin Parakou da Djougou.

Kafin wannan Alhamis ɗin, Malam ya yi kusan wata biyu shiru. Ban damu sosai ba, aikin sa kai ne, mutane suna ɓacewa su dawo. Da gyaran ya zo, na karanta shi layi layi kamar yadda na saba. Hannunsa ne, babu tantama. Yana da wata hanya ta raɗa wa abubuwa gajerun sunaye, da barin sarari kafin wuri mai haɗari, kamar mai son ka ja numfashi tukuna. Na gwada, komai ya yi kore, alamar babu kuskure. Na shigar da shi, na rubuta masa: “Sannu da dawowa, Malam. Ina fata lafiya.” Bai amsa ba.

Alhamis ta gaba wani gyaran ya sake zuwa, shi ma bayan la'asar. Ta gaba ma haka. Guda huɗu na shigar. Yanzu da nake tunawa, alamu sun yi yawa. Malam mutumin asuba ne, da ƙyar ka ga aikinsa bayan hantsi, kuma ba shi da ranar da ya keɓe. Ba ya barin gaisuwa ba amsa, ko da “lafiya lau” ce kawai. Ga shi yanzu sau huɗu ina gaishe shi yana shiru. Na lura da duk wannan, domin ni mai lura ce. Amma sai na ce a raina wataƙila na yi masa wani laifi, kunya kuma ta hana ni tambaya. Na gwammace in ɗauka fushi yake da ni da in buɗe baki.

Saboda wannan tunanin ne ranar wata Asabar na sayi wagashi mai kyau, jan cukun nan da Fulani suke kawowa, na naɗe na hau zem, wato babur ɗin haya, zuwa Gare, tashar manyan motoci. Na tarar da Kawu a inuwar motarsa yana cin doya da mai.

“A'a, likitar odinatar,” ya ce, don haka yake kiran kwamfuta. “Yau an fito daga rami? Ko wutar gidan ce ta ɗauke?”

“Saƙo zan ba ka zuwa Zugu, Kawu. Na Malam.”

“Wane Malam?”

“Wanda ya ba ka littafi ka kawo mini.”

Ya tsaya da tauna. “Mai gilashin nan mai kauri?”

“Ban san fuskarsa ba, Kawu.”

Ya goge hannunsa a wando, ya dube ni. “Ba ki ji ba? Ai Allah ya yi masa rasuwa. Makon jiya aka yi sadakar arba'in. Ina garin, har gumba aka ba ni.”

Na ce masa ba shi ba ne, wani ne dai. Na ce shekaranjiya ya aiko mini da aiki.

“To in ya sake aikowa ki tambaya mana shi yadda wurin yake,” in ji Kawu, ya fara dariya. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce, “Ke, da gaske kike?” Ya kwatanta mini gidan, da makarantar da ya koyar, da ranar da aka kai shi. Babu inda ya kauce.

A kan zem ina komawa gida na yi ta ƙirga kwanaki da yatsuna, wagashin yana kan cinyata. Duk ta inda na ƙirga, amsa ɗaya nake samu. Gyaran farko, na huɗu da minti goma sha bakwai, ya zo ne bayan Malam ya yi fiye da mako biyu a kabari.

Abin da ya kamata in yi a ranar na san shi sarai. In sanar da jagoran aikin, a rufe makullin. Idan mutum ya mutu makullinsa yana aiki, abin da hankali zai ba ka shi ne ɓarawo ya samu kwamfutarsa, kuma ɓarawo mai wayo yakan fara da gyara mai kyau don a saba da shi, sannan wata rana ya cusa abin da zai buɗe masa ƙofar duk shafin da aka gina a kan manhajar. Amma ban sanar ba. Na koma na sake karanta gyararrakin huɗu har idona ya yi ja, ban ga komai ba sai Malam. Na rubuta a ƙarƙashin na ƙarshe: “Malam, kai ne?”  Kwana biyar tana nan ita kaɗai, ba amsa.

Da Alhamis ta zo, na yi sallar la'asar na zauna a gaban kwamfuta ina roƙon Allah kada komai ya zo. Rana tana waje tarwai, ina jin mai gyaran takalmi yana wucewa yana buga akwatinsa, maƙwabciyarmu tana daka. Babu abin tsoro ko ɗaya a duniyar. Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu wayar ta yi ƙara.

Gyara ne ƙarami. Amma a ƙasansa akwai saƙo da Hausa: “Na san kin fara sabon ɓangaren ajiya. Na kuma san kin gwada komai ban da lokacin da aka rubuta rabi aka bar rabi. In wuta ta ɗauke a nan fa?”

Kwana goma ke nan da fara wannan ɓangaren. Ban gaya wa kowa ba, ban ɗora shi a ko'ina ba, a cikin kwamfutata kawai yake. Na buɗe shi na bi gwaje-gwajen da na rubuta ɗaya bayan ɗaya. Babu wannan gwajin. Na manta da shi, daidai inda aka ce.

Ban yi ihu ba, ni ba mai ihu ba ce. Na rufe kwamfutar a hankali, na cire wayar wuta, na ɗauke ta na kai ɗakin Inna na tura ƙarƙashin zannuwanta a cikin akwati. Inna tana kallona daga bakin ƙofa.

“Me injin ɗin ya yi miki?”

Na gaya mata komai, wanda shi ne karo na farko da na yi mata bayanin aikina. Ta saurara har ƙarshe, ta karanta Ayatul Kursiyyu ta tofa mini, ta tofa wa akwatin. Sannan ta ce, “Ni dai ban san aikinku ba. Amma mamaci ba ya da ranar Alhamis. Wanda yake jiran la'asar, mai rai ne, salla yake yi.” Ban ba maganar muhimmanci ba a lokacin. Tsoro ya riga ya cika ni.

Washegari na rubuta wa jagoran aikin, wani mutum da ke can wata ƙasa mai sanyi, wanda shi ma rubutunsa kawai na sani. Ya yi ta'aziyya a layi biyu, sannan ya shiga magana. Ya rufe makullin Malam nan take. Ya ce ranar Litinin ta sama za a fitar da sabon zubin manhajar, kuma ba zai fitar da shi da aikin da ba a san hannun da ya rubuta ba. Tunda ba a san ranar da aka sace makullin ba, zai cire duk abin da ya shigo ta hanyarsa a shekarar nan, ya kuma rubuta a sanarwa cewa an yi amfani da sunan Malam wajen kutse. Idan ina da wata hujja, in kawo kafin Litinin ɗin.

Ban ga laifinsa ba, har yanzu ma ban gani ba. Amma aikin shekarar nan shi ne mafi kyawun abin da Malam ya yi. Kuma na san yadda abin yake: nan da 'yan shekaru duk wanda ya nemi sunansa, wannan sanarwar zai fara gani. Mutumin da ya yi shekaru yana tashi da asuba yana gyara abin da ba a biyansa, abin da zai rage masa shi ne layi ɗaya da ke cewa kada a yarda da aikinsa.

Na je na samu Kawu na ce zan bi shi Zugu. Ya ce sai Alhamis zai ɗauki kaya. Inna ta san ban taɓa wuce Tourou, can bakin gari, ba tare da ita ba, amma ta ce in tafi da sabon wagashi, ba a zuwa gaisuwar mutuwa hannu sake.

Mun fita da hantsi, motar cike da siminti, tana tafiya kamar ba ta so. Kawu ya yi ta ƙoƙarin sa ni dariya. “Bon, in muka tarar da shi zaune a ƙofar gida, ni fa juyawa zan yi, ke ce ɗalibarsa.” Da muka wuce Tourou gidaje suka ƙare, sai gonakin doya da hadari yana haɗuwa a yamma, ya bar barkwancin ya mai da hankali kan tuƙi. Ni kuwa abin da nake ta juyawa a raina shi ne: in na je ban tarar da ɓarawo ba fa? In kwamfutar tana kulle a ɗaki, ƙura ta rufe ta?

Ana kiran la'asar muka shiga gari. Muka yi salla, Kawu ya raka ni gidan. Wata tsohuwa, yayar Malam, ta karɓe mu a zaure. Ta ce matarsa tana ciki, tana takaba, ba ta fita, kuma ba ta zama da maza. Kawu ya zauna a tabarma, ni aka ce in shiga.

Tsakar gidan shara tas, ba kowa. Bishiyar mangwaro ɗaya, da tulu, da igiyar shanya babu kaya. A can ƙarshe akwai ɗaki mai shuɗiyar ƙofa a ɗan buɗe, labule a sake. A bakin ƙofar akwai takalman namiji, an jera su daidai kamar mai su ya shiga yanzu. Ina tsaye ina kallon takalman nan sai na ji shi. Ƙarar madannan kwamfuta. Ba da sauri ba. Ɗaya, shiru, sannan ɗaya. Na duba wayata, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.  Da ƙyar na yi sallama, muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Ƙarar ta tsaya.

“Shigo,” aka ce. Muryar mace.

Na ɗaga labulen. Abin da na fara gani shi ne gilashi mai kauri yana ƙyalli da hasken allon kwamfuta. Sannan na ga wadda take sanye da shi. Dattijuwa ce siririya, cikin tsohon zane mara ado, babu ɗan kunne babu kwalli. Gilashin ya yi mata yawa, ta ɗaure shi da zare ta bayan kai. A gabanta akwai littafin rubutu irin na 'yan lakkol, wato 'yan makaranta, mai gida gida, ta danne layin da take kai da ma'aunin ɗinki.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke ce ta Parakou.” Ba tambaya ta yi ba.

Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na ajiye wagashin. Ta amsa, amma hankalinta yana kan allon. “Gara da kika zo, ɗiyata. Tun ɗazu nake fama. Ya yi kore, amma in na aika sai ya ƙi karɓa. Ban san abin da na ɓata ba.”

Na ce, “Inna, ba ki ɓata komai ba. Mu muka rufe.” Sai kuka ya zo mini, irin wanda ba ka san yana hanya ba. Ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri.

Da na natsu ta ba ni labari. Ita tela ce, karatunta bai wuce firamare ba. Da ciwon Malam ya yi tsanani aka kwantar da shi a asibiti, ba ya iya zama a gaban kwamfuta, sai ya sa ta sayo masa littafin nan. A kan gado ya riƙa rubuta gyararrakin da ke kansa da alƙalami, shafi shafi, da niyyar in ya warke ya buga. Da aka sallamo shi gida ya ga ƙarfi ba ya dawowa, sai ya fara koya mata. Yana kwance, tana zaune. Ya zana mata madannai a bangon littafin, ya rubuta mata matakai: ki kunna, ki buɗe nan, ki buga abin da ke shafin, ki danna nan. In ya yi ja, kin tsallake wani abu, ki koma. In ya yi kore, ki aika.

“Kamar ɗinki ne,” ta ce. “Na gaya masa haka ya yi dariya har tari ya kama shi. Shafin farko muka fara tare, muna rabi ya tafi.”

Da yatsa ɗaya take bugawa. Shafi guda yana cin mako, kullum kaɗan, bayan ta gama abin da take yi. Tana aikawa ranar Alhamis bayan la'asar domin lokacin ne Malam yake fitar da sadakarsa tun suna sabon aure. Yanzu ba ta fita, ba ta da abin bayarwa, sai wannan. Saƙonnin da nake rubutawa kuwa ba ta taɓa ganinsu ba, bai koya mata inda ake dubawa ba.

Na karɓi littafin na buɗe. Rubutun shafukan farko a miƙe yake, irin na mutumin da ya yi shekaru yana rubutu a allo. Yana tafiya yana karkacewa, har na ƙarshe sai ka kusanto da ido. Shafi goma sha shida. Na nemi na biyar, ga saƙon nan da ya sa na ɓoye kwamfutata a akwatin Inna, da hannunsa, an rubuta shi makonni kafin in fara aikin. Sai a lokacin na tuna cewa tun farkon shekara mun jera ayyukan da za a yi, kuma shi da kansa ya sa sunana a gaban ɓangaren ajiya. Babu wanda ya leƙa kwamfutata. Mutumin ya karanta ni ne shekara biyu, har ya san inda zan yi tuntuɓe kafin in isa wurin. Na faɗi gaskiya, sanin haka bai rage mini sanyin jiki ba. Wani irin sanyi ne dabam ya maye gurbin na farko.

Ina juya shafuka sai na ga akwai ɗaya a can gaba, kafin na farko, an ninke shi biyu an soke da allura. Na dube ta. Ta kau da kai ta ce, “Buɗe. Naki ne.”

Wasiƙa ce gajeruwa zuwa ga duk masu aikin. Ya ce in sun karanta wannan ya riga ya tafi. Ya ce matarsa ce ta buga da makullinsa, ya san doka ta hana, su yafe masa, su rufe makullin daga wannan saƙon. Ya ce akwai littafi a gidansa, a ba yarinyar Parakou, ita za ta riƙe ɓangaren. Ya ce tana da kunya, kada su ɗauki shirunta a matsayin rashin sani. A saman shafin ya rubuta wa matarsa da manyan baƙaƙe: wannan za ki fara aikawa, sauran ki bar mata.

Na ɗauki hoton kowane shafi, da wasiƙar, da zanen madannan, na fita zaure inda layi ya fi ƙarfi na aika wa jagoran. Kawu ya ce, “To, kin gan shi?” Na ce na ga matarsa. Ya ce, “Alhamdulillahi, ni dama ita na fi so a gani.”

Ranar Litinin sabon zubin ya fita da duk aikin Malam a ciki, kuma a sanarwar, maimakon maganar kutse, an sa layi biyu na ta'aziyya da sunansa. Sauran shafuka goma sha ɗaya ni na buga su da makullina, na rubuta cewa shi ne marubucinsu, wani ya karanta ya amince kamar yadda doka ta ce. Littafin na bar mata. Hotuna sun ishe ni.

Shekaru sun shuɗe, ni nake riƙe da ɓangaren har yanzu, da wasu biyu da na jawo. Abin da wannan lamari ya koya mini bai shafi rubutun manhaja ba. Na yi mako huɗu ina tantance kowane layi na mutumin da ke kabari, ban bar ko ɗigo ba, amma na kasa tambayar Kawu, wanda yake zuwa garin duk mako, ko Malam yana lafiya. Na iya duba aiki, ban iya duba mai aikin ba, kuma na kira wannan kunya. Yanzu duk wanda muke aiki tare na san muryarsa, na san lambar wani nasa, kuma in ya yi mako biyu shiru ba na jiran gyaransa, kiransa nake yi. Har gobe yana yi mini nauyi, amma ina yi.

Tambaya ɗaya ce ta rage mini a ranar, kuma sai da na kai bakin shuɗiyar ƙofar nan zan tafi sannan na iya yin ta. Na juyo na ce, “Inna, ya ce wasiƙar za ki fara aikawa. Me ya sa kika soke ta da allura?”

Ta cire gilashin ta riƙe a hannu, ta daɗe tana goge shi da bakin zanenta.

“Na san abin da ya ce, ɗiyata. Amma in na aika wannan, za ku amsa da ta'aziyya ku rufe, shi ke nan an gama. Su kuwa waɗannan, duk Alhamis in na buga rubutunsa ya yi kore, sai in juya in gaya masa. Na san gadon ba kowa. Ina dai juyawa.”